Yadda Na Kai Maikatafila Asibitin Ƙetare

Har yau ban sani ba, tafiyar ce ta ƙarasa shi, ko zaman da muka yi muna shan magungunan da ba nasa ba kafin mu tashi? Na tambayi liman, ya ce kwana ne ya ƙare. Ban taɓa musun wannan ba. Amma tambayar tana nan, da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Tun da na dawo matan unguwa suke zuwa mini gaisuwa. In an yi addu'a an shafa, sai wata ta gyara zama ta ce, "To Inna, yaya ƙasar Faransan take? Wai da gaske burodinsu kamar sanda yake?" Faransa muke ce wa ƙasar da ke ƙetaren iyaka, bayan Illela. Ban ga laifinsu ba, babu wadda ta taɓa wuce Sakkwato a cikinmu. Sai dai duk lokacin da na soma, kuka ke tare ni a tsakiya, labarin bai taɓa kaiwa ƙarshe ba. Shi ya sa na roƙi Malama Hajara, maƙwabciyata da ke koyarwa a firamare, ta zauna ina faɗa tana rubutawa, tunda ni ban san baƙi ba. Mai son ji sai a karanta mata.

Ɗana na fari na kai asibiti. Sunansa ba zan faɗa ba, ban taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa masa. Haka muka tarar, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna damuwa da shi gaban mutane. A Maradun kowa Maikatafila yake ce masa, da shi zan riƙa kiransa.

Mu mutanen bakin gulbi ne. Da aka datse ruwan Bakolori, ya haɗiye gonakinmu har da kushewar mahaifinsa, aka maido mu nan kan tudu. Shi kuwa ya samu aiki a kamfanin da ke gina dam. Da dakon siminti ya fara, buhu biyu yake ɗauka lokaci guda, har turawan suka lura da shi suka koya masa tuƙin katafila. A can ya koyi sigari. Yana ɓoye mini, amma ina jin warinta a rigarsa. Ga tsire da shayi mai kauri duk ƙarshen wata. Ya yi jiki, wuyansa ya cika, mu kuma muna murna muna cewa aiki ya karɓe shi. Bai kai shekara arba'in ba.

Ciwon ba daga bakinsa na ji ba, matarsa ce ta gaya mini. Ta ce in ya hau gangaren kanal da ƙafa sai ya tsaya ya dafe ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Zufa ta karyo masa ko ana sanyi, ciwon ya gangara kafaɗar hagu, wani lokaci ya hau muƙamuƙi. Ya je wani kemis a Talatar Mafara. Mai kemis ɗin ya dube shi sama da ƙasa ya yi dariya, ya ce ciwon zuciya na tsofaffin alhazai ne, wannan olsa ce, ya ba shi farin magani na ruwa a kwalba. Wanzami ya yi masa ƙaho a kafaɗa. Saboda muƙamuƙin kuma, mai cire haƙori a kasuwa ya zare masa turmi guda lafiyayye. Ni ma na jiƙa masa kanwa na aika da ita ta hannun matarsa.

Rannan da hantsi ya faɗi a bakin kanal. Abokan aikinsa suka kawo shi gida fuskarsa ta koma kamar toka. Ya kwanta kwanaki, ya tashi, amma ba kamar da ba. Wani mai sayar da albasa a unguwarmu ya ce akwai asibitin mishan a ƙetare, bayan Ƙonni, inda aka yi wa yayansa aiki ya warke. An tambaye ni me ya hana mu tsayawa Sakkwato. Ba mu san kowa a can ba ne, wancan kuwa mun ga wanda ya je ya dawo. Matarsa tana gidansu tana wankan jego, ƙanensa yana Gusau wurin aiki. Sai na ɗaura ƙunshina na ce ni zan je. Mutane sun yi magana, wai uwa da ɗan fari a mota ɗaya. Na yi kamar ban ji ba.

A-kori-kura muka shiga zuwa Mafara, ranar kasuwa. Tun a nan abin da zai bi mu har ƙarshen tafiya ya soma. Direba ya buɗe mini gaba ya ce, "Sannu Inna, Allah ya ba ki lahiya. Kai Maikatafila, hau baya ka riƙe mana buhunan ga kada su zube." Kowa ya gan mu, ni yake ɗauka marar lafiya. Shi kuma bai gyara wa kowa ba, ya hau baya ya riƙe buhuna.

Daga Mafara muka ratse Bakura muka kwana wurin ƙanena Malam Isa, mai karantarwa a zaurensa. Bayan mun gaisa ya tambayi gida da mai jego da jaririya, sai ya ce, "Yaya, ni fa ban ga amfanin wahalar ga ba. Wanga ba ciwon asibiti ba ne. Gonakin mutane nawa yaron ga ya baje da katafila? Har da itatuwan da kakanninsu suka dasa. Bakin mutane ne, ko jifa."

Na ce, "Shi aka sa, ba shi ya sa kansa ba. Tamu gonar ma ai ruwa ya ci."

Ya ce, "Wanda aka baje wa gona bai san bature ba, wanda ya gani bisa ƙarfe ya sani."

Maikatafila yana gefe kansa a ƙasa, amma na ga maganar ta shige shi. Da safe Malam ya cika mana gora da rubutu, matarsa ta ƙulla mana dambu da soyayyar zabuwa, ya rako mu har bakin titi yana addu'a.

Tashar Sakkwato ta ruɗa ni. Ban taɓa ganin motoci da mutane haka ba, kowa yana jan hannunka yana kiran sunan gari. Daga inda aka sauke mu zuwa inda motocin Illela suke akwai 'yar tafiya. Ya karɓi ƙunshina ya wuce gaba. Sai na ga yana tsayawa gaban kowane mai tebur, ya ɗauki tocila ya juya, ya ajiye, ya matsa gaba ya ɗauki madubi. Ba saye yake yi ba, numfashi yake nema. Sai na soma ɗingishi, na ce gwiwata ta riƙe, a zauna. Muka zauna a gindin wata darbejiya har zufar ta tsane masa. Daga nan har muka isa, duk inda na ga goshinsa ya jiƙe, gwiwata ce ke tashi. Bai taɓa tambayata yaya gwiwar ba, don ya sani.

A motar Illela aka haɗa ni kujera da wata 'yar kasuwa, kakkaura mai haƙorin Makka, ana ce mata Hajiya Ta-Ƙonni. Atamfa take ƙetarawa da ita, kuma rabin kayan a jikinta suke, ta naɗa zane kan zane har ba ta iya lanƙwasawa. Ta dube ni ta ce, "Tsohuwa, kin yi sa'ar ɗa. Nawa ko ciwon ajali nake yi ba mai kai ni likita. Mi ke damunki, ido ko ƙafa?"

Na ce, "Ba ni ba ce, shi ne."

Ta leƙa ta dube shi, ta kwashe da dariya. "Wanga bijimin? To Allah ya ba mu irin ciwonsa."

A kan iyaka, ta wajenmu ganga biyu ce da gora a gicciye. Ta wajensu kuma jandarmomi ne masu matsattsen kaki da 'yar hula, ga Hausa a bakinsu irin tamu sak. Aka ware maza gefe, mata gefe. Wani jandarma ya kwance ƙunshina, ya ɗaga gorar Malam ya shinshina ya ce, "Mi ne ne wanga?" Na ce rubutu ne. Ya waiga ya ga babbansu ba ya kallo, ya ce, "Na mi?" Na ce na tsari daga bakin mutane. Sai ya tara tafin hannu ya ce in ɗan zuba masa, su ma suna fama. Ya shanye ya shafe fuska da sauran.

Sannan ya ɗauki alƙalami ya ce, "Da wa kike tafe?"

Na nuna shi da haɓa.

"Sunansa?"

Na yi shiru. Ya sake tambaya da ƙarfi, ya zaci kurma ce ni. Na sunkuyar da kai, mutane suka soma taruwa. Hajiya Ta-Ƙonni ce ta cece ni, ta taho tana rangaji cikin atamfofinta ta ce, "Haba mushe, ɗan fari ne! Ko bindiga ka ɗora mata ba ta faɗi." Haka suke kiran ma'aikaci a can, mushe. Jandarman ya ajiye alƙalami yana dariya, ya ce, "Wallahi tawa uwar ma har yau 'wancan' take ce mini, ga ni da 'ya'ya huɗu." Ya ƙwala wa Maikatafila kira ya zo ya faɗi sunansa da kansa, aka ɗaga mana gora.

A Ƙonni gidan Hajiyar muka sauka, shi a zaure, ni a ɗakinta. Ga amsar masu tambayar burodi: gaskiya ne. Dogo ne kamar taɓarya ƙarama, bayansa da tauri, mai haƙora irin nawa sai ya tsoma a shayi. Ba shi da zaƙi irin namu. Furarsu ruwa-ruwa ce, sun fi mu sa nono. Suna cin zogale da dambu ƙwarai, kuma sun iya shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, rana na take tsaka sai gari ya mutu, a rufe kantuna da ofisoshi kowa ya je ya kwanta, sai la'asar a sake buɗewa. Na ce a Maradun wanda ya kwanta da azahar ba ciwo sai a sa masa suna. Na ga Buzaye, mazan sun rufe fuska sai idanu, matan kuwa fuska a buɗe suna ciniki da kowa. Mu suna ce mana mutanen Ingilishi, asibiti kuma su ce masa likita. Kuɗinsu ban taɓa gane kansa ba, Maikatafila na bar wa wannan.

Washegari muka shiga motar da ta kai mu garin asibitin. Gari ne na albasa, warinta ke fara tarbar mutum. Masu jinya suna zaune a rumfuna bayan asibitin, kowa da murhunsa, daga ƙasashe iri-iri. Aka ba ni gefen wata rumfa tare da wata Bafillata da ba ta jin Hausa, ni ba na jin Fillanci, amma tukunya ɗaya muka riƙa ɗorawa. Kowace safiya kafin a fara ganin marasa lafiya sai wani ya tsaya ya yi wa'azin addininsu. Ni dai in jawo carbina in juya gefe, ba wanda ya taɓa ce mini don me.

Likitan bature ne, dogo, gashin hannunsa ja, yana jin Hausa irin ta mai koyo. Muna shiga ya jawo mini kujera ya ce, "Sannu tsohuwa, ina ciwo?" A nan ne Maikatafila ya buɗe baki karo na farko ya ce, "Ni ne, likita."

Baturen bai yi dariya ba. Ya juya kujerarsa ya fuskance shi, ya shiga tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi masa. Yaushe ciwon ke zuwa, kana zaune ko kana tafiya? In ka tsaya yana lafawa? Ina yake zuwa daga ƙirji? Da ya ji zancen haƙorin da aka cire sai ya rufe ido ya girgiza kai. Ya ce, "Kana shan taba?" Maikatafila ya saci kallona. Na miƙe na je bakin taga ina kallon wasu awaki, har na ji ya amsa a hankali, sannan na dawo.

Likita ya ce, "Babanka yana da rai?"

Ya ce, "Ya rasu ina yaro. Inna ta fi ni sani."

Sai na faɗa. Maigidana yana huɗa a gona da damina ya dafe ƙirji ya durƙusa, kafin a kawo shi gida ya cika. Shi ma bai yi furfura ba. Akwai tsamiya a bakin gonar, aka ce mutanen cikinta ne suka buge shi, har aka daina noma wajen. Ƙanen maigidan nawa kuma a hanyar fataucin goro aka ce ya kwanta bayan ya sauke kaya bai tashi ba.

Likitan ya ce, "Tsohuwa, ba tsamiya ba ce. Wannan ciwo yana bin jini a wasu gidaje. A gida irin wannan ba ya jiran tsufa."

Shekara da shekaru ina zagaye tsamiyar nan in zan je rafi, har ruwan dam ya zo ya shanye ta.

Aka kwantar da shi aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu. Na tsorata, na zaci lantarki za a sa masa. Wata na'ura ta riƙa fitar da siririyar takarda mai zane kamar sawun kaza. Likitan ya daɗe yana dubawa. Ya ce zuciya ita ma tana da 'yan hanyoyin da ke kai mata jini, nasa sun ƙuntace, kuma ranar da ya faɗi a bakin aiki ɗaya ta toshe, wani sashe na zuciyar ya riga ya lalace.

Maikatafila ya ce, "Kamar ƙaramin kanal ke nan in yashi ya cike shi, gonar da ke ƙarshe ta ƙone?"

Likita ya ce, "Haka ne."

"To mu yashewa muke yi. Ana yashe wannan?"

"A ƙasarmu ana yi wa wasu aiki. Nan ba mu da kayan. Amma sauran gonar tana da rai, ita za mu tsare."

Ya ba shi ƙwayoyin sha kullum, da wasu ƙanana da ake sawa ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso. Ya ce ba sigari, ba kitse, a rage gishiri. Ba ɗaukar kaya, ba turi, ba katafila. Sannan ya ce, "Abu mai wuya shi ne, ciwonka ba ya fita a fuska. Mutane za su gan ka ƙato, ba za su yarda ba. Dole ka faɗa da bakinka, ko sun yi dariya." Ya tambaye ni ko ina da wasu 'ya'ya maza, na ce ɗaya. Ya ce shi ma a duba shi, kada a jira ya faɗi.

An riƙe shi a gado 'yan makonni. Ya samu sauƙi sosai, fuskarsa ta washe, yana zagaya asibitin ba ya tsayawa. 'Yan ɗakinsu, masu karaya da masu ƙaba, suna tsokanarsa wai ya zo hutu ne ya tare wa marasa lafiya gado. Ina dafa masa tuwo da miya ba gishiri, yana ci yana ɓata fuska, ya ce, "Inna, wanga ko akuya aka ba sai ta kai ƙara wurin alƙali."

A can, inda ba wanda ya san mu, na yi hira da ɗana irin wadda ban taɓa yi ba tun da na haife shi. Da la'asar yakan fito rumfarmu ya zauna a bakin tabarma. Ya tambaye ni kamannin mahaifinsa, na gaya masa. Ya tambaye ni ko ina ganin maganar Malam Isa gaskiya ce, ta bakin mutane. Na ce ubanka bai baje gonar kowa ba. Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce in mun koma zai bar kamfani ya sa injin niƙa a ƙofar gida, yana zaune mata na kawo masa hatsi da tsegumi. Ya ce jaririyarsa ba ta ma san fuskarsa ba.

Malama ta ce in tsaya in sha ruwa. Na sha. Mu ƙarasa.

Likitan da kansa ya sallame mu, ya ce mu dawo bayan girbi. Dawowa ba mu sha wuya ba. Jandarman nan ya gane ni, ya ce, "Uwar wancan, an samu lahiya?" A Sakkwato ni na ɗauki ƙunshina, ya bar ni na ɗauka, ko da yake ina ganin yadda abin ke cin ransa in mutane sun dube mu. Ba mu ratsa Bakura ba, yana ɗokin gida.

Mun iso Mafara ranar kasuwa, an yi ruwan farko a daren da ya gabata. Muka samu a-kori-kurar garinmu cike da mutanenmu, aka yi ta murna ana gaisawa. A cikinsu akwai Ɗanjuma, ɗan ƙanwar mahaifinsa, taubashinsa, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Akwai kuma Baba Audu, dattijo mai farin gemu, abokin maigidana. Wata mai ciki aka ba gaba, mu duka muna baya.

Bayan mun bar kwalta mun kama hanyar unguwarmu, akwai wani kwari da ruwa ya kwanta. Motar ta shiga ta kafe. Direba ya ce maza a sauka a tura. Kun san yadda ake yi, ba a ma jira a faɗa, duk namiji sauka yake, mata da yara su zauna. Maza suka dire. Maikatafila ya zauna.

Ɗanjuma ya leƙo ya ce, "Kai, ango! Sai an shimfiɗa maka darduma?"

Ya ce, "Likita ya hana ni turi."

Ya faɗa da bakinsa, kamar yadda aka ce ya yi. Ina wurin, na ji.

Aka fashe da dariya. Ɗanjuma ya ce, "Kai da ke ture tudu da katafila? Kun ji, ya je Faransa sun mai da shi 'yar gwal. A nemo masa kallabi!"

Na ce, "Ɗanjuma, ba shi da lahiya. Zuciyarsa ce."

Ya ce, "Haba Inna, dube shi fa. Ya fi mu ƙiba, ya fi mu haske. In wanga ne marar lahiya, mu gawa ne."

Ba da mugunta ya faɗa ba, wasansu ne na kullum. Maikatafila ma murmushi ya yi, ya ce, "Tura dai, bawana, aikinka ne." Ya zauna daram a cikin mata, na ji daɗi a raina.

Suka tura, motar ta yi ƙara ta ƙara nutsewa. Suka sake, ba ta motsa ba. Baba Audu da ma yana tsaye gefe saboda shekarunsa. Sai ya jingine sandarsa, ya naɗe wando, ya shiga lakar har gwiwa ya sa kafaɗa, daidai ƙarƙashin inda Maikatafila yake zaune. Dariyar ta tsaya.

Sai Maikatafila ya sauka.

Turi ɗaya suka yi motar ta fita. Maza suka yi sowa, Ɗanjuma yana bubbuga bayansa yana cewa, "Ga maganin ƙarya!" Shi kuwa ya taka zuwa bakin hanya ya zauna a kan wani dutse, ya dafe ƙirji. Kafin in sauko zufa ta jiƙa masa riga. Na kwance bakin zanena na ciro 'yar ƙwayar na sa masa ƙarƙashin harshe da hannuna. Na ƙara wata. Yana kallona, bakinsa ba ya iya magana. Aka ɗauke shi aka sa a motar, direba ya ce a juya Mafara, amma juyawa sai an sake bi ta cikin lakar. Ana cikin wannan shawara Baba Audu ya tallafi kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Na ga leɓɓansa sun motsa. Daga inda muke ana hango rufin kwanon unguwarmu.

Da la'asar aka yi masa sutura. Jaririyar an kawo ta washegari.

Ɗanjuma bai iya haɗa ido da ni ba har yau. In ya hango ni sai ya sake hanya. Na aika masa cewa ban riƙe shi da komai ba, abin da ido ya nuna masa ya faɗa, kuma duk wanda muka gamu da shi daga nan har Ƙonni haka ya gani. Ƙanen Maikatafila na Gusau na sa an gaya masa maganar likita. Ya ce shi lafiyarsa lau, ko zazzaɓi ba ya yi. Na ce yayanka ma haka yake cewa. Ya yi alkawarin zai je a duba shi, ina nan ina jira.

Ku da kuke tambayata labarin Faransa, ga shi kun ji. Abin da na ƙaru da shi ɗaya ne. In ɗanku ko mijinku ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, yana zufa, ciwon na sauka hannu ko yana hawa muƙamuƙi, kada ku dubi ƙarfinsa ko ƙuruciyarsa. Ku kai shi inda za a duba zuciyar tun da wuri. In kuma ya ce an hana shi aiki, ku yarda da shi.

Wasu sun tambaye ni ko ya bar wasiyya. Bai bari ba. Maganarsa ta ƙarshe da ni a bayan motar nan ce. Lokacin da ya miƙe zai sauka, na kai hannu na damƙe gefen rigarsa, abin da ban taɓa yi ba gaban mutanen garinmu. Na riƙe da ƙarfi. Ya sunkuyo, ya sa hannunsa a kan nawa, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji sai ni, ya ce:

"Inna, sakar mini riga, mutane na kallo. Ba ni iya zama abokin ubana na cikin laka."